Tattakin Ganuwar Hadrian don kuɗin aikin sa-kai: tafiyar ta yi, amma lissafin da sauran magana

Kamfanonin da ke shirya tattakin tara kuɗi a Birtaniya abu biyu suke sayar maka a ƙunshi ɗaya. Akwai tafiyar kanta, da jagora da masauki da motar kaya, akwai kuma tsarin da kuɗin mutanen da suka ɗauki nauyinka zai bi kafin ya kai inda ka ce musu zai kai. Wanda na bi ya iya na farkon ƙwarai da gaske. Na biyun ne ya bar ni da ƙorafi, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin shi ne ba a gani a hotunan talla.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Wata ƙungiyar agaji ta karɓe ni in je Malawi na 'yan watanni, in taya wani asibitin karkara horar da ma'aikatansa kan kula da jarirai sabbin haihuwa, bisa sharaɗin in tara wani kaso na kuɗin zaman. Cikin hanyoyin da kamfanin ya jera na ɗauki ta Ganuwar Hadrian, tsohuwar ganuwar Rumawa da ke arewacin Ingila: mil 84, wato kilomita 135, daga Bowness-on-Solway a yamma zuwa Wallsend a gefen Newcastle. Shirin na kusan mako guda ne, ana cin kilomita ashirin da wani abu a yawancin ranaku.

Sun zaɓi a taso daga yamma a nufi gabas, kuma sun yi daidai. Iskar yankin daga yamma ta fi kaɗowa, saboda haka ita da ruwan saman a ƙeya suke dukan mutum, ba a fuska ba. Illarsa ɗaya, farkon tafiyar ba ganuwa ba alamarta. Fadama ce shimfiɗe a bakin mashigin teku na Solway, da shanu, da titin kwalta wanda ruwan teku kan haye idan ya yi babbar cika. Jagoranmu yana riƙe da jadawalin cikar tekun, ya tashe mu da wuri don mu wuce kafin lokacin. Wanda ya zo shi kaɗai bai san da wannan ba sai ya tsaya jiran ruwa ya janye. A Burgh by Sands ya tsayar da mu a cocin ƙauyen, wanda da duwatsun sansanin Rumawa aka gina shi, ya ba mu labarin cewa a ƙarni na 3 rundunar da ke gadin wurin mutanen Arewacin Afirka ne. Na daɗe ina kallon fadamar ina tunanin yadda suka yi da sanyin nan. A kusa da nan ne kuma Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya rasu a 1307, yana kan hanyar yaƙi da Sikotland.

Sai an wuce Carlisle da nisa ake fara ganin dutsen a tsaye, kuma daga Birdoswald zuwa Housesteads ne kuɗin mutum ke fita. Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginin a shekara ta 122, tsawonsa mil 73, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, hanyar ƙafar kuma a 2003 aka buɗe ta. Duk wannan yana cikin takardar da suka aiko. Abin da babu a takardar shi ne yadda tsakiyar take cin gwiwa. Wuri mafi tudu bai wuce mita 345 ba, wanda a rubuce ba komai ba ne, sai dai ba hawa ɗaya ake yi a gama ba. Ka hau, ka gangara cikin kwazazzabo ta matakalar dutse mai santsi, ka sake hawa, haka har yamma. Ga shingayen gonaki da ake tsallakewa ta kan 'yan matakalai na katako, waɗanda tun ana ƙirgawa har a daina. Jadawalin motsa jikin da suka turo watanni kafin tafiya nisa kawai yake ƙarawa mako bayan mako, bai ce a nemi tudu ko bene a riƙa hawa da sauka ba. Wannan gibi ne babba. Mu da muka saba tsayuwar awa goma sha biyu a ɗakin marasa lafiya ƙafarmu ta san wahala, amma gangara da jaka a baya wata tsoka take nema daban.

Mun bi ta Sycamore Gap, inda shahararriyar bishiyar nan take kafin a sare ta da dare a watan Satumban 2023. Kututturen yana nan cikin shinge, ya fara tsiro. Mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Ni dai abin da ya fi ba ni haushi shi ne jin cewa faɗuwarta ta fasa wani sashe na ganuwar.

Jagorori biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma ta bayan nan ita ce ta riƙe tafiyar. Ba ta taɓa wuce wanda ya fi kowa nawa ba, ba ta kuma nuna masa cewa jiransa ake yi. Jakar agajin gaggawarta na leƙa da idon sana'a, ban ga abin da ya rage ba. Kullum kafin a tashi sai ta ce duk wanda ya ji wani wuri na zafi a ƙafarsa ya faɗa tun bai zama bororo ba, ta manna masa filasta. Wata mata a cikinmu gwiwarta ta kumbura a tsakiyar hanya, motar kamfanin ta ɗauke ta zuwa masauki, ta huta, ta dawo ta ƙarasa da mu. Ba wanda ya yi mata kallon wadda ta gaza, ita ma ta rubuta wa masu ɗaukar nauyinta gaskiyar kilomitocin da ta tsallake. Sun kuma tsaya kan dokokin hanyar ba wasa: ba a hawa kan ganuwa, ba a bin sawun juna a layi ɗaya inda ciyawa ta fara mutuwa, sai dai a jeru kafaɗa da kafaɗa don kada ƙasa ta zaizaye a kan abin da ke binne, kuma duk ƙofar gona a bar ta yadda aka same ta. Garken shanu masu 'yan maruƙa kuwa zagaye shi ake yi daga nesa.

Ɗaukar kaya ba ni da abin cewa. Ka ajiye babbar jaka da safe, ka tarar da ita a masaukin gaba da yamma, ba ta taɓa makara ba. Masaukan sun bambanta, wani gidan gona ne mai tsabta da ɗakin shanya takalma, wani ɗakin kwana ne na mutum shida da gadaje masu hawa biyu. Sun raba maza da mata ba sai an roƙa ba.

Abinci kuwa a shirya masa. Na rubuta a fom cewa ba na cin naman alade, nama ma sai na halal. Saƙon ya kai wasu masaukan, bai kai wasu ba. Karin kumallon gargajiyar Ingila rabinsa alade ne, don haka ƙwai da wake da burodi na yi ta ci, na rana kuma burodi da cuku kusan kullum, ranar da aka bambanta sai na buɗe na tarar da abin da na ce ba na ci. Jagorar ta musanya mini da nata ta ba da haƙuri, amma laifin na ofis ne ba nata ba. A ƙauyukan tsakiya kantuna ba su da yawa, kuma sau da yawa wurin cin abincin dare ɗaya ne tak, shi ne mashayar ƙauyen. Wanda ba ya shiga irin wurin ya faɗa tun kafin ya biya, a san yadda za a yi da shi. Salla ba ta ba ni wahala ba: na yi kasaru, na haɗa Azahar da La'asar a hutun rana, suka jira ni ba tare da wani ya duba agogo ba. Abin lura shi ne a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma saura na dare, ta kuma fito wajen huɗu da rabi. Tsakanin Isha da Asuba barcin kaɗan ne, ga tafiyar yini na jira.

Vindolanda, wani tsohon sansanin Rumawa, ba ta kan hanyar, sai an ɗan ratse kudu, kuɗin shiga kuma ba ya cikin abin da aka biya. A je duk da haka. A can aka fara tono wasiƙun Rumawa na kan siraran allunan katako a 1973, kuma cikinsu akwai wadda ake sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. Bayan kwanaki ina wanke safa a bahon masauki, na fahimci wannan wasiƙar fiye da duk bayanin yaƙe-yaƙen.

Daga Chollerford zuwa gabas daɗin yana raguwa. Bayan tawayen da ya taso daga Sikotland a 1745 an shimfiɗa hanyar soja a kan harsashin ganuwar a wurare da dama, don haka gefen titi ake bi cikin gonaki, ƙarshen kuma kwalta ce zalla a bakin kogin Tyne har Wallsend. Tafin ƙafa ya fi jin wannan fiye da duwatsun. Da sun ce a taho da takalmi mai laushi na ranar ƙarshe, da sun kyauta.

To, ga maganar kuɗi.

Zaɓi biyu suke bayarwa. Ko ka biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya daga aljihunka, duk abin da ka tara ya tafi ƙungiyar agajin, ko ka biya ɗan kuɗin rajista ka yi alkawarin tara wani adadi, sai ƙungiyar ta biya kamfanin daga cikin abin da ka tara. Na biyun suka sa a gaba da manyan haruffa, da ɗan ƙaramin kuɗin rajistar a jiki, har mutum ya ɗauka tafiyar kusan kyauta ce. Nawa ne zai koma wa kamfanin cikin adadin? Ba a shafin farko ba, ba a na biyu ba. Sai da na rubuta musu na sake rubutawa kafin amsa ta zo, ita ce kusan rabi. Wato a wannan zaɓin, in abokiyar aikina ta ba ni fam 20 da niyyar jariran Malawi, wajen fam 10 zai tafi gadona da burodina da man motar kaya. Ba haramun ba ne a dokar ƙasar, kuma ƙa'idojin hukumar da ke sa ido kan tara kuɗin agaji sun nemi a bayyana wa masu bayarwa idan wani kaso zai biya wa mai tattakin hidimarsa. Amma rubutun da kamfanin ya tsara mana mu liƙa a shafukanmu bai ce uffan a kai ba. A hanya na gane da yawa cikin abokan tafiyata ba su taɓa yin wannan lissafin ba, balle su faɗa wa danginsu.

Yayana ne ya fara yi mini tambayar tun kafin in yanke shawara. Ya ce, "Ke yanzu in na ba ki, asibitin zan ba ko otal ɗinki zan biya?" Na ce, "Yaya, bari in bincika tukuna." Da amsar kamfanin ta zo na zaɓi biyan kuɗin tafiyata da kaina, na karɓi ƙarin aikin dare na cike. Ya yi mini nauyi, amma na samu bakin roƙon mutane.

Akwai wani dalilin na lissafi zalla. A Birtaniya, idan mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji kyauta ya amince da tsarin Gift Aid, ƙungiyar na karɓo ƙarin fam 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam 100. Amma idan daga kuɗin da aka tara ake biya wa mai tattaki hidimarsa, gudummawar makusantansa, irin su miji ko mata, iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya, tana iya rasa wannan ƙarin, saboda ana ganin ɗan gidansu ne ya amfana. Su ne kuwa suka fi bayarwa da yawa. Kamfanin ya ambaci wannan a layi ɗaya can ƙasan sharuɗɗa. Haka kuma wanda ba ya biyan haraji a Birtaniya, kamar dangin da ke wata ƙasa, bai kamata ya danna akwatin Gift Aid ba ko da shafin ya nuna masa. Wannan ma ni na riƙa bi ina yi wa mutane bayani.

Shafin intanet ɗin da suka haɗa mu da shi don karɓar kuɗi yana da sauƙi, mutum ya biya da kati cikin minti ɗaya. Sai dai a wajen biya akwai wani ƙarin kaso da aka riga aka zaɓa wa mai bayarwa, wai tukuici, wanda aljihun masu shafin yake shiga ba na ƙungiyar ba. Ana iya mayar da shi sifili, amma sai an lura. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta kira ni tana tambaya me ya sa aka cire mata fiye da abin da ta rubuta. Kunya ta kama ni kamar ni na ɗauka.

Sharuɗɗan janyewa ma a karanta su da ido biyu. A takardar da na gani, mai zaɓi na biyu dole ya kawo mafi yawan adadin makonni kafin ranar tashi, in bai kai ba ya cika daga aljihunsa ko ya rasa gurbinsa, kuɗin rajista kuma ba ya dawowa. Idan kuma tafiyar aikin sa-kan ce ta rushe, saboda rashin lafiya ko biza ko wani abu, abin da aka tara ya zama na ƙungiyar, ba a mayar wa masu bayarwa. Wannan na ƙarshen ban ga aibinsa ba, matuƙar an faɗa musu tun farko.

Abin da kamfanin bai taɓa tambayar kowa ba shi ne: aikin me za ka je yi? Nasu tattaki ne, kowace ƙungiya ka kawo za su karɓa. A cikinmu akwai malamin makaranta mai ritaya da zai je horar da malamai, akwai mai aikin famfo, akwai kuma wasu 'yan mata biyu masu kirki da za su je gidan marayu na mako biyu, ba su da horon kula da yara, ba a kuma nemi takardar binciken 'yan sanda daga gare su ba. Ban ɓoye musu ra'ayina ba. An daɗe da sanin cewa mafi yawan yaran da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, kuma kuɗin baƙi masu zuwa suna tafiya yana ƙarfafa a ci gaba da raba yara da danginsu. Gwamnatin Birtaniya na gargaɗin matafiya kan wannan, Ostireliya kuwa tun 2018 ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani. Da muka duba tare a waya, sai ga shi wanda zai kai su ɗin ma kamfanin kasuwanci ne, ba ya cikin rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales. Rajistar nan a buɗe take ga kowa, da lambar kowace ƙungiya da bayanan kuɗinta na shekara, binciken minti biyar ne. Ina ganin kamfanin da ke cin abinci da sunan agaji ya kamata ya yi wannan binciken kafin ya karɓi rajistar mutum, ko aƙalla ya ce masa ya yi.

Ni ma tambayar ba ta ƙyale ni ba. Kuɗin jirgina da zamana zai biya albashin ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar na tsawon lokaci, ita kuwa ta san yaren, ba za ta kuma tafi bayan wata uku ba. Abin da ya sa na ci gaba shi ne asibitin ne ya nemi mai wannan horon takamaimai, aikin kuma koyarwa ne ba karɓe aikin wani ba, sannan sai na yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Malawi kafin in taɓa majinyaci. Tsofaffin ƙungiyoyin tura 'yan sa-kai ƙasashen waje irin VSO ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1958, da matasa masu gama sakandare suka fara, daga baya suka karkata ga tura masu sana'a. Na rubuta wannan duka a shafina, har da shakkata, kuma ban ga ya rage masu bayarwa ba.

Shin sai da kamfani? A wannan hanyar, a'a. An sa mata alamar ƙwallon itacen oak a kowace mararraba, ɓata sai da ganganci. Akwai bas mai lamba AD122 da ke zirga-zirga a tsakiyar, akwai jirgin ƙasa tsakanin Newcastle da Carlisle mai tsayawa a Hexham da Haltwhistle, akwai masu ɗaukar jaka daga masauki zuwa masauki da za ka yi ciniki da su kai tsaye. Mutum biyu ko uku da suka saba tafiya za su shirya abinsu da kuɗi ƙasa da na kamfanin sosai, rarar ta tafi inda aka yi niyya. Wanda zan tura wa kamfanin shi ne wanda bai taɓa doguwar tafiya ba, ko mace ita kaɗai da ba ta son kwana a baƙon ƙauye ba abokan tafiya, ko mai wata larura da ke bukatar mota a kusa. Su ma in za su iya su ɗauki zaɓin biyan kuɗin kansu. In ba hali, su nemi kamfanin ya rubuto musu rabon a lamba, su sa shi a layin farko na shafinsu.

Masu ɗaukar nauyi kan so shaida. Hanyar tana da ɗan littafin da ake buga wa hatimi a tashoshi bakwai, daga watan Mayu zuwa Oktoba kawai, don a rage masu taka ta lokacin da ƙasa ke jiƙe. Kamfanin bai haɗa mana da shi ba, ni na saya da kaina, hotonsa kuma na tura wa duk wanda ya ba ni ko fam ɗaya ne. Mai shirin zuwa a Yuni ko Yuli ba tare da kamfani ba ya kama masaukan tsakiya tun cikin hunturu, gadajen da ke tsakanin Gilsland da Chollerford ba su da yawa.